Wanda Ya Riga Ni Zama a Ɗakin Kaka

Da a ce surutu ake kaiwa maɗaba'a a buga, da tuni littattafaina sun cika motar ɗaukar auduga har an ɗaure saura a saman kan direba. Duk wanda ya taɓa zama da ni a majalisa tsakanin Ƙanƙara da Faskari zai ba ku shaida. Na taɓa ba wani mai shayi labari har ruwan butarsa ya ƙone ƙurmus, ya sauke ta ya ce in ci gaba. Na taɓa sa wani bawan Allah ya rasa motar ƙarshe ta Sabuwa, ya kwana a tasha, da safe ya nemo ni don ya ji yadda aka ƙare. Amma a ba ni biro da takarda a ce in shiga ɗaki ni kaɗai, sai in koma kamar akuyar da aka kai asibiti. Tun ina ɗan firamare babu abin da nake so a duniya kamar in ga sunana a bangon littafi, har furfura ta fara cin gemuna ban gani ba. Mutane suna cewa lalaci ne. Ni na san tsoro ne, kuma kakata ce ta dasa mini shi a bakin wuta tana kaɗi.

Ƙauyenmu yana gefen 'Yargoje, gidaje 'yan kaɗan da rumbunan da suka fi gidajen yawa. Kakata ta wajen uba, wadda kowa yake ce wa Kaka har surukanta, ɗakinta yana ƙuryar gida, jikin danga. In an gama girbi an kai auduga kasuwa, sanyi ya sauko, sai a hura mata wuta a tsakar ɗakin tun kafin magariba. Da mun suɗe kwanon tuwo sai mu tattaru, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta, mu zagaye wutar, gabanmu yana gasuwa bayanmu yana daskarewa. Ita kuma tana bakin gadon ƙasa, ƙafafu a miƙe, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Ban taɓa jin ta ba da tatsuniya hannunta a sake ba. Zare yana tsawo labari yana tsawo. In zare ya tsinke labari ya tsaya cak. Ko kura ta wangale baki za ta haɗiye yarinya, haka za ta tsaya baki wangale sai Kaka ta ƙulla zarenta.

Ni Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Da na leƙo sai ta ce, "Ga shi nan, miji sai cin dankali. Ko gishiri bai taɓa kawo mani ba." Ni kuma in ce na sake ta, na samu wata mai haƙora. Ta ce, "Tahi, in ta iya gasa dankali ka dawo ka gaya mani." Duk wannan cacar bakin, dankalin da ya fi kowanne girma a cikin toka nawa ne.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Ita a wurinta tatsuniya baƙuwa ce. Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa ta ce, "Ga ta can ta iso bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai wuri." Amma ba ta yarda a amsa mata daga duhu. In wani ya laɓe a bayan mutane ya amsa, sai ta tsayar da mazari ta ce, "Wa ya yi magana? Matso in ga hancinka." Sai ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya da hasken wuta kafin ta fara. Mun ɗauka fitinar tsufa ce kawai.

Ana nan sai kuɗin fetur ya fara malalowa ƙasa. Mu dai ba mu ga fetur ɗin ba, amma mun ga 'ya'yansa: kwanon rufi, babura, katifa, da agogo a hannun mutanen da har yanzu rana suke dubawa in suna son sanin lokaci. Ƙanin babana, Baba Ƙarami, ya samu aiki a masaƙa a Kaduna. Ya zo hutu da wando mai faɗin ƙafa wanda in ya ratsa tsakar gida ba a buƙatar shara, da kuma rediyo mai kaset wanda girmansa ya kai ɗan maraƙi. Ya koma ya bar mana shi a zaure. Daga ranar ɗakin Kaka ya fara yin fili. Zarenta ma aka daina saye, tunda ga atamfa ta cika kasuwa, amma ba ta daina kaɗi ba. Rediyon kuwa ba ta taɓa zuwa ta gan shi ba. Daga ɗakinta take jiyo shi ta ce, "Wannan akwati ba ya jiran a amsa mashi. Shi kaɗai yake zuba kamar mahaukacin kasuwa."

Wata rana batir ya mutu ana tsakiyar waƙa. Muka yi ta jijjiga rediyo, muka gasa batir a rana, muka cije shi, bai tashi ba. Da magariba ta yi sai muka silalo ɗakin Kaka ɗaya bayan ɗaya kamar kajin da ruwa ya kora.

Ta dube mu ta ce, "A'a, yau akwatin naku ya yi yaji ke nan? To ku zauna. Yau zan ba ku wadda ba ya da ita."

Ta kira baƙuwarta, muka ba ta wuri, ta duba fuskoki, ta murza mazari.

Ta ce an yi wani gari a bakin daji, rijiyarsu ta ƙafe, mutane suka kwashe kayansu suka yi ƙaura. Kowa ya tafi sai wata mata, Tasalla, wadda ta ce ba za ta bar tsamiyar uwarta ba. Ita Tasalla kuwa duk garin babu wanda ya kai ta tatsuniya. Ta zauna ita kaɗai a kufai, tana ɗebo ruwa daga wani ɗan tafki, tana cin abin da ya rage a rumbu. Wata rana da magariba labari ya taso mata. Ta danne, ya ƙi dannuwa. Bakinta ya suɓuce bisa sabo ta ce, "Ga ta can ta iso bakin ƙofa." Sai ta ji daga bayan rumbu an ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Nan Kaka ta bar mazari yana juyi shi kaɗai. Wani yaro ya matso ya shige cikin zanen yayarsa.

Tasalla ba ta ji tsoro ba, in ji Kaka, murna ma ta yi, don ta gaji da magana da kaji. Ta ba da tatsuniyarta. Duk inda ta tsaya numfashi sai muryar ta ce, "Sai mi?" Ba ta dariya, ba ta tambayar komai, ba ta barci. "Sai mi?" Kashegari ma haka. Tasalla ta ba da duk tatsuniyoyin da ta gada, suka ƙare. Ta ƙago sababbi, suka ƙare. Muryar dai tana nan bayan rumbu tana jira. Sai Tasalla ta ce to bari ta ba da labarin uwarta, yadda take kitso, yadda take tsawa in an taɓa mata ƙwarya. Ta ba da shi tsaf. Da gari ya waye ta je gindin tsamiya, ta tsaya tana kallonta, ta rasa dalilin da ya sa ta ƙi barin wannan itace. Da magariba ta ba da labarin waƙar da aka yi mata ranar aure, da safe ta nemi waƙar a bakinta ta rasa. Ta ba da na mijinta, ta ba da na ɗiyarta da ta rasu tana goye. Duk abin da ta faɗa da magariba, da safe babu shi. Har aka zo ranar da ba ta da sauran komai, muryar ta ce, "Sai mi?" Tasalla ta faɗi sunanta.

Bayan wani lokaci fatake suka biyo ta kufan. Suka ishe mace zaune a ƙofar ɗaki, lafiyarta lau, zanenta fes, tana kaɗi. Suka yi sallama, suka ce, "Baiwar Allah, mi sunanki?" Ta yi masu murmushi ta ce, "Sai mi?" Suna tsaye suna kallon juna sai suka ji daga bayan rumbu wata murya ta mace, mai daɗi, ta ce, "Sannunku da zuwa. Ni ce Tasalla. Ku zauna in ba ku labarin uwata."

Kaka ta naɗe zarenta ta ce, "Na mai da ta inda na ɗauko ta. Kowa ya shafa kanshi ya ji yana nan." Wallahi har ni sai da na shafa.

Yayata, Yaya Hansatu, ita ce mai ƙarfin hali a cikinmu. Ta ce, "Kaka, shi abin mene ne? Dodo ne?"

"Dodo ai ci yake ya ƙoshi ya tahi. Wannan mai jin labari ne. Ba ya duka, ba ya cizo, ji kawai yake." Ta nuna mu da mazari. "Shi ya sa nake duba hancinku. In za ka buɗe labari, ka ga fuskar mai amsa maka. In ba ka gan ta ba, haɗiye abinka."

A daren nan babu wanda ya yarda ya zagaya bayan gida shi kaɗai. Rumbunanmu da muke wasan ɓuya a ƙarƙashinsu suka koma kamar wasu manyan mutane da suka juya mana baya. Amma yaro yaro ne. Da aka sayo batir ranar kasuwa kowa ya koma zaure. Ni kaɗai na ci gaba da zuwa wurin Kaka, kuma kada ku ɗauka halin kirki ne. Manyan yara suna tokare ni da gwiwar hannu a gaban rediyo, a ɗakin Kaka kuwa dankali duka nawa ne, babu mai raba ni da shi.

Ranar wata kasuwar Ƙanƙara babana ya tafi da ni. A hanyar dawowa tayar motar da muka shiga ta fashe, ba mu iso gida ba sai bayan magariba. Na ratsa zaure, yaran gidanmu da na maƙwabta duk suna nan baki buɗe a gaban rediyo, na gan su da idona, babu wanda ya ɓace. Matan gida suna can wajen murhu suna rabon tuwo. Na nufi ƙuryar gida. Tun kafin in kai na jiyo Kaka a tsakiyar tatsuniya, ga ƙugin mazari. Ta kai inda take tsayawa numfashi, ta tsaya. Sai na ji an ce, "Sai mi?"

Muryar ba ta namiji ba ce, ba kuma ta mace ba, kamar mutum ya sa baki a tulu ya yi magana. Na tsaya. Kaka ta ci gaba, ta sake tsayawa, aka sake cewa, "Sai mi?" Abin da ya fara zuwa raina, ku yarda ko kada ku yarda, dankalina ne. Na ce wani ɗan banza ya riga ni. Na yaye labulen asabari na faɗa ɗakin da shirin faɗa.

Kaka ce kaɗai, da wuta, da zare.

Ta dube ni ta ce, "Maigida, ka makara."

Na nufi wurin zamana a bakin tabarma. Ta ce, "Kada ka zauna nan. Zagayo ta nan." Amma na riga na dafa tabarmar da tafin hannu. Da ɗumi, irin ɗumin da mutum yake bari in ya tashi yanzu-yanzu. Kuma gefen ke nan da ya fi nesa da wuta.

Ta jawo ni ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta ce, "Ce ta shigo."

Na ce, "Kaka, ai ta riga ta shigo."

"Ce, na ce maka."

Na ce, "Ta shigo, akwai wuri." Sai ta ƙarasa tatsuniyar a guje. Ban taɓa jin ta lalata ƙarshen labari irin na ranar ba. Cikin numfashi ɗaya ta kashe kura, ta aurar da kowa da kowa, ta mai da baƙuwa inda ta ɗauko ta. Sannan ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share gefen tabarmar nan har bakin ƙofa. Kaka, wadda in ta ga ɗayanmu ya taɓa tsintsiya bayan faɗuwar rana sai ta bi shi da muciya.

Da safe na ishe ta tana shan hantsi. Na ce, "Kaka, wa ya amsa maki jiya?"

Ta ce, "Labari in ya taso maka kamar tari yake, Maigida, ba ya jiran a taru. Na jira ka, na jira ka."

"To wa ya amsa?"

"Kai dai ka riƙa dawowa da wuri."

Na ce to ta sake ba ni tatsuniyar daga farko, tunda ƙarshenta kawai na samu. Ta dube ni ta ce, "Wace tatsuniya?" Ba ta sake ba da ita ba har ta bar duniya. Yaya Hansatu da na gaya mata sai ta yi dariya ta ce Kaka ce take yin muryoyin biyu don ta ɗebe wa kanta kewa, ɗumin tabarma kuwa kyanwa ce ta kwanta. Na ce ba mu da kyanwa. Ta ce to ta maƙwabta. Na ce su ma ba su da ita. Ta ce in rabu da ita tana da aiki.

A shekarun nan ne aka kwashe mu aka zuba a makarantar boko, lokacin da gwamnati ta ce ilimi kyauta ne. Ranar da aka fara ba mu littafin labarai na juya shi gaba da baya, na ga sunan mutum a bango. Na tambayi malaminmu yadda ake yi. Ya ce, "Mutum ne kamarka, ya shiga ɗaki shi kaɗai ya zauna ya rubuta." Na ce, "Shi kaɗai? To wa yake amsa masa?" Malam ya ɗauka iskanci ne, ya ba ni ranƙwashi. Amma daga ranar na san abin da nake so, na kuma san inda matsalar take. Kaka ta rasu ina makarantar gaba da firamare. A ƙarshen rayuwarta ta riƙa mantuwa, har sunan babana yakan ɓace mata. Kowa ya ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne, da ƙarfi, don in ji kaina ina faɗa.

Na girma na zama malamin gona, ina yawo a babur ƙauye-ƙauye ina gaya wa mutanen da suka fi ni sanin ƙasa yadda za su zuba taki. Rubutu kuwa ban fasa ba, sai dai na samo dabara: ba na rubutu sai a cikin mutane. A majalisa, a gindin mangwaron ofis, a teburin mai shayi. In na rubuta layi sai in karanta da ƙarfi, in ga fuskoki, a yi dariya, wannan ya ce a ƙara kaza, wancan ya ce a cire kaza. Na taɓa fara labarin wani mutum da ɗansa ya ɓata a daji, aka ƙare da tseren jakuna, don kawai mai shayin yana son jaki. Na tara irin waɗannan har suka cika buhu, na zaɓi masu dama-dama na kai wani kamfanin buga littattafai a Zariya.

Editan wani dattijo ne mai tabarau. Ya karanta yana dariya har yana share hawaye, ni kuwa har na fara tunanin rigar da zan sa a ɗauke ni hoton bayan littafi. Da ya gama sai ya miƙo mini abina ya ce, "Malam, ka iya ba da dariya. Amma wannan kasuwa ce ka kawo mini. Kowa ya sa baki a ciki sai kai. Je ka rufe ƙofa ka rubuta."

Na yi godiya na fito. A bakin titi na ce, in rufe ƙofa? Wannan dattijo bai san Tasalla ba.

Haka na yi ta komawa, shekara tana bin shekara, tabaransa yana ƙara kauri, maganarsa ba ta canzawa. Har ya yi ritaya, har na ji rasuwarsa. Yaran da aka haifa a gabana suka riƙa fitar da littattafai ana sayarwa a kasuwa, wasu ma suna kawo mini kyauta suna cewa, "Baba, a sa mana albarka." Na gwada mai ɗakina, Rabi. Na ce ta zauna a gabana kawai ina rubutu, in na ɗago kai ta ce "Sai mi?" Ta yi kwana biyu tana yi. A na uku na ɗago kai na ga ta jingina da bango, na ce, "Rabi, sai mi?" Ta ce, "Sai barci, Malam."

Ina dab da ritaya aka tura ni Sabuwa in kula da wani sito na taki a bayan gari. Iyali suna Ƙanƙara. Damina ce, irin wadda ruwa yake farawa da la'asar ya manta da tsayawa. Babu majalisa, babu mai shayi, mai gadin ma da magariba yake tsere wa sauro ya tafi gida. Kafin in taho likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya faɗi haka da irin fuskar da ake yi wa mutum in ana son ya fara shiri. Na zauna a ɗan ɗakin nan na jikin sito ina tunani: in na faɗi yau, abin da 'ya'yana za su tarar buhun barkwanci ne, su ba mai ƙosai ta naɗe ƙosai. Kuma ga wani labari ya taso mini ya tsaya a maƙogwaro, na yi tari na yi gyaran murya, ya ƙi komawa.

Da na idar da sallar magariba na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbatar da shi ba. Na rufe ƙofa. Na shimfiɗa wata tabarma a gabana, don in ma za a zo kada a zauna a kan gadona. Na kunna fitila, na ɗauki biro, na dubi ƙofa na ce, "Ga ta can ta iso bakin ƙofa."

Ba zan yi muku ƙari a nan ba, ko da yake sana'ata ce. Ban ji murya ba. Ruwa kawai yake dukan kwano. Amma biro ya tafi, kuma abin da ya fito ɗakin Kaka ne: hayaƙin, allin, ƙugin mazari, yadda take dariya, waƙar da take yi ƙasa-ƙasa in tana ƙulla zare. Babu jaki ko ɗaya. Duk inda na tsaya sai in ji ana jira, jira mai nauyi, irin na wanda ba shi da wurin zuwa kuma ba ya gajiya. Sai in ci gaba. Haka muka yi har damina ta ɗauke. Tabarmar nan kuwa ban taɓa dafa ta da hannu ba. Da sanda nake naɗe ta kowace safiya.

Na kai Zariya. Wanda na tarar a kujerar dattijon yaro ne da bai kai babban ɗana ba. Ya karɓa, ya ce in je za a neme ni, irin maganar da na saba ji. Ban kai Funtuwa ba ya kira ni a waya ya ce, "Baba, ina ka ɓoye wannan duk shekarun nan?"

Littafi ya fito, sunana a bango da manyan baƙaƙe. Na kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Na ɗaure shi a gaban babur na zaga Ƙanƙara har mai ya ƙare. Na nuna wa mai shayi, na nuna wa likita, na nuna wa awakin gida. Sannan na kai wa Yaya Hansatu a 'Yargoje, ita da ba ta yi boko ba, na zauna ina karanta mata. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce na rage wa Kaka masifa. Can sai ta ce, "Waƙar nan ta ƙulla zare, ka sa kalmomin daidai. Amma ɗan rera mani, kai ne ka iya muryarta."

Gaskiya ta faɗa, duk gidanmu ni ne mai kwaikwayon Kaka. Na buɗe baki. Babu komai. Na rufe ido, inda a da nake ganinta zaune da ƙafafu a miƙe, sai na ga layukan rubutu, har na san a wane gefen shafi suke. Na nemi dariyarta, sai jimlar da na rubuta a kan dariyarta ta zo. Na nemi warin ɗakin, sai kalmar hayaƙi. Yaya Hansatu tana kallona ina ta buɗe shafuka kamar mai neman canji a aljihu. Na ce mata mura ce take damuna.

Na gwada bayan nan, ni kaɗai, sau da yawa. Abin da ban rubuta ba yana nan garau: faso a dugaduganta, yadda take tauna goro da gefe ɗaya. Abin da na rubuta kuwa ya ƙaura, yana cikin littafi, ba ya wurina. Ko wannan da na ba ku a sama, rabinsa sai da na buɗe littafin na duba. Kwanan baya wata yarinya ta kira ni daga wani gari da ban taɓa zuwa ba, ta ce ta karanta, ta yi ta ba ni labarin Kaka, yadda take kaza, yadda take kaza, tana dariya kamar a ɗakin ta girma. Na riƙe waya ina saurare, ana ba ni labarin kakata.

Yanzu da na kai shekarun da zan iya yi wa Kaka gardama, ina ganin ba ta ce mai jin labari mugu ba ne. Ta dai ce ba ya mai da abin da aka ba shi. Kuma ban yi nadama ba. Da na haɗiye labarinta, da ni da shi za a binne rana ɗaya. Sai dai yanzu na san farashin, ina duba kayana da kyau kafin in fitar.

Jiya Rabi ta gama jin littafin, ƙaramar 'yarmu ce ta karanta mata. Ta same ni a tsakar gida ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Malam, kowa yana cikin littafin nan. Yaya tana ciki, Baba Ƙarami da wandonsa suna ciki, har kyanwar da babu ita tana ciki. Ni da na yi ta gyangyaɗi a gabanka, ko layi ɗaya?"

Na ce, "Ke ba ki da kyau a takarda."

"Au, haka ne? To a littafi na biyu ka sa ni, ko da mummunar ce."

Na ce ba zan sa ta ba, ko a na goma. A nan ma, in kun lura, ban gaya muku kamanninta ba, kuma Rabi ba sunanta ba ne. Ta yi fushi ta shige ɗaki, tun jiya take ajiye mini kwano da ƙarfi tana mita, wai ta auri mutumin da ya fi son tsohuwa da jakuna a kanta. Ban ba ta haƙuri ba. Ina zaune ina cin tuwona, ina jin kowace kalma da muryarta.